SUNAN MATACCIYA

Shafi na 23

Masu turo min saƙo cewa na cika gallaza wa Nokwanda, ku sassauta min. Ni ma sau uku ina ajiye wayar kafin na iya kammala wannan shafin.

*

Jinin Baba Zandamela ya riga ya bushe a gaban rigar Nokwanda lokacin da ta sauka daga tasi a bakin layinsu. Ƙarfe biyu ta ɗan gota. Taron unguwa kuma ƙarfe huɗu ne, a Zauren Ukhamba.

Shekara goma sha uku ke nan da ita da Madoda Zwane suka kwashe fasassun kwalabe daga tsohon gidan giyan nan na Tembisa, suka mai da shi wurin koyon zane da rawa da wasan kwaikwayo. Tara daga cikin shekarun nan Baba Zandamela, tsoho ɗan Mozambik, yana kusurwarsa yana koyar da timbila, kayan kiɗan katakon da ake bugawa da sanda. Jiya ita da bakinta ta ce masa ya tattara kayansa, don kwamitin unguwa ya ce ko a kori baƙi daga zauren ko a cinna masa wuta. Yau da safe yana tura timbilarsa a baro samari suka tare shi a bayan tasha.

Ta tura ƙofar kicin. Mahaifiyarta, Mama Khabonina, tana tsaye tana tuƙa tuwon masara, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Ke ce?"

"Ni ce, Mama. Riga zan canza in fita."

"An ce ya mutu."

"Bai mutu ba. Sun fasa masa kai, sun karya haƙarƙari uku." Ta ajiye jakarta a kan tebur. "Yatsun suka fi bi. Da bulo suka bi su ɗaya bayan ɗaya."

Muciyar ta tsaya a cikin tukunya, sannan ta ci gaba da juyawa.

"Ai na faɗa miki tun farko ki daina kwaso makwerekwere, baƙin haure, kina cika wurin da su. Ba ki ji ba."

"Mama, don Allah yau kam kada ki fara."

"Ƙarya na yi? Ƙasarsu ta cinye su ne da ba za su zauna a can ba?"

Nokwanda ta ja kujera ta zauna. Tun tana yarinya haka ta san uwarta. Duk layin babu mai bakin da ya kai nata kaifi a kan baƙi. Ko tumatur ba ta saye a hannun 'yan Mozambik, gara ta taka har kasuwar gaba.

Ta ciro waya daga jaka.

"Tun da ya farfaɗo yake maimaita wata magana. Nas-nas ɗin ba su ji, ni ma ba na ji. Yaren Fotugis ne ina jin. Na naɗa, ko zan sami mai fassara min."

Ta danna. Muryar tsohon ta cika kicin ɗin, a dashe, tana rawa, yana faɗin abu ɗaya yana sake faɗa.

"Cewa yake a gaya wa 'yarsa kada ta zo," in ji Mama Khabonina, fuskarta na kallon bango. "Wai ta zauna inda take, in ta zo ita ma kashe ta za su yi."

Nokwanda ta gyaɗa kai, har ta fara neman lambar 'yar tsohon a wayarta. Sai yatsanta ya tsaya.

Ta ɗago a hankali.

"Mama."

Tsohuwar ta ci gaba da tuƙi.

"Mama, a ina kika iya Fotugis?"

"Wa ya ce na iya? Cinta na yi. Me mutum zai ce a gadon asibiti in ba wannan ba?"

"Ba cinta kika yi ba."

"Tashi ki canza rigarki, kina warin jini."

"Ke da ko aji ɗaya ba ki yi ba? Ke da Turanci ma sai na karanta miki takardar magani?" Ta miƙe ta kashe murhun da hannunta. "Juyo ki dube ni."

Tsohuwar ta juyo. A iya rayuwarta Nokwanda ba ta taɓa ganin tsoro a wannan fuskar ba sai yau. Muciyar na hannunta tana ɗigar da tuwo a kan siminti.

"Rufe tagar nan," ta ce da ƙaramar murya.

Nokwanda ta rufe.

"Da labulen."

Suka zauna, tebur a tsakaninsu. Mama Khabonina ta daɗe tana shafa ledar teburin da tafin hannu kamar mai neman wani abu a ƙarƙashinta.

"Sunana ba Khabonina ba ne."

"Ban gane ba."

"Kin gane. Sunana Celeste. A Magude aka haife ni, a Mozambik, ƙetaren iyaka. Ke ma a can na haife ki."

Nokwanda ta yi wata 'yar dariya da ba ta san daga ina ta fito ba.

"A asibitin Shongwe aka haife ni. Yana rubuce a takardata."

"An haifi wata yarinya a can, gaskiya ne. Ba ke ba ce."

"Mama, ki daina."

"Ke kika ce in juyo."

Daga nan ba ta ƙara tsayawa ba. Maganar ta riƙa fitowa a miƙe, babu hawaye, kamar labarin wata mata da ta taɓa sani.

"Yaƙi ne. 'Yan tawaye suka shigo garin ranar kasuwa. Babanku yana gyaran keke a gindin bishiya, a nan suka bar gawarsa. Na ɗauke ku na bi mutane, kwana biyar muna tafiya a daji."

"Ku? Ni da wa?"

"Ke da yayarki. Rosinha. Shekararta shida, ke kuma ko yaye ki ban yi ba."

"Ina da yaya?"

"A iyaka akwai wayar lantarki. Maciji muke ce mata. Mai yi mana jagora yakan sa reshe mai baki biyu ya ɗaga ta, mutum ya ja ciki ya wuce. Na ɗaure ki a ƙirji na wuce da baya. Na miƙa hannu na ce mata taho, kada ki ɗaga kai." Ta dubi tafin hannunta. "Reshen ɗanye ne. Ya goce."

Nokwanda ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Ban binne ta ba. Ko taɓa ta ban yi ba, wanda ya taɓa shi ma ya tafi. Mutumin ya toshe min baki ya ja ni, don sojoji na kusa. Takalminta ɗaya ya faɗo ta ɓangarenmu. Ban ɗauka ba. Har yau ban san me ya hana ni ɗauka ba."

A waje wani mai sayar da kayan miya ya wuce yana busa ƙahonsa. Suka jira har sautin ya yi nisa.

"To Khabonina fa? Wace ce?"

"Ƙanwar wani mai kula da gonar ayaba a Nkomazi. Amai da gudawa suka ɗauke ta, ita da jaririyarta, a mako ɗaya. Ba a kai rahoto ba. Ya ba ni takardunsu."

"Haka kawai ya ba ki?"

"Shekara uku na yi a gidansa. Aikin da ake gani da wanda ba a gani." Ta kawar da kai. "Da zaɓen farko ya zo bayan mulkin wariyar launin fata aka sabunta wa kowa katinsa, aka manna hotona. Shi ke nan na zama ita."

"Jaririyar..." in ji Nokwanda. "Yaya sunanta?"

Tsohuwar ta ɗago ta kafe ta da ido.

Nokwanda ta miƙe da ƙarfi har kujerar ta kife.

"Sunan gawa nake amsawa? Shekara talatin da takwas?"

"Rage murya."

"Ranar haihuwata fa? Wadda kike dafa min kaza duk shekara?"

"Tata ce. Ke a damina aka haife ki, ban riƙe ranar ba."

"Kabarin da nake zuwa sharewa duk Disamba? Akuyar da na yanka wa kakanni lokacin da na buɗe zaure? Na durƙusa a gabansu na yi musu kirarin zuriyarmu ta Nkambule tun daga farko har ƙarshe, ina kuka, kina tsaye a bayana kina cewa amin!"

"Me kike so in ce a lokacin?"

"Matar da na zana a bangon zaure fa? Wata huɗu na yi a kan tsani ina zana ta. Na rubuta KAKATA a ƙasa da manyan baƙaƙe. 'Yan jarida sun zo sun ɗauki hoto, na tsaya ina ba su labarin yadda na gaji idanunta. Wace ce ita?"

"Ban san ta ba. A cikin takardun na tsinci hoton."

Nokwanda ta dafe bango.

"Miƙo hannunki," in ji tsohuwar.

"Kada ki taɓa ni."

"Na hagu. Tunda yau ce ranar, gara ki ji duka."

Ba ta miƙa ba, amma idonta ya sauka a kan tabon ƙunar da ke ƙasa da gwiwar hannunta, mai faɗin bakin kofi. Risho ne ya faɗo mata tana rarrafe, haka aka gaya mata.

"A can gida, a daidai wurin nan na hannu ake yi wa jarirai allurar rigakafi. A nan ƙasar kuma a kafaɗa ake yi. 'Yan sanda ba sa tambayar takarda, hannun riga kawai suke naɗewa. Na ga an jefa mata a mota da goyonsu saboda wannan ɗan tabon." Ta haɗa hannuwanta a kan tebur. "Cokali na sa a wuta har ya yi ja. Na fara yi wa kaina, don in san yadda zafin yake. Sannan na yi miki. Kwana biyu kina kuka, kin ƙi kama nono."

"Ke uwa ce kuwa?"

"Ni ce uwar da ta rage miki."

Nokwanda ta zame ta zauna a ƙasa, bayanta a jikin firij. Ta daɗe tana kallon ƙafafun uwarta, busassu, masu faso, a cikin tsohon silifas. Ƙafafun da suka yi kwana biyar a daji.

"Yaya sunana?"

"Nyeleti. Nyeleti Machava. Tauraruwa ke nan. Babanki ne ya zaɓa."

Ta motsa leɓenta ta gwada sunan, ba sauti. Bai zauna mata a baki ba. Kamar ta sa takalmin wani.

"Shi ma yana zane?"

"Wa? Babanki?" Tsohuwar ta yi wani guntun murmushi. "Ko layi madaidaici bai iya ja ba. Surutu dai, kamar ke."

Nokwanda ta share fuska da bayan hannu. Sai wani abu ya faɗo mata a rai.

"Baba Zandamela ya sani?"

Mama Khabonina ta sunkuyar da kai.

"Shekarar da ya zo, mun haɗu a layin awo. Ya dube ni, ya gaishe ni da yaren gida, a hankali, yadda babu mai ji. Ban san me ya gani a jikina ba. Na tofar da yawu a gabansa na wuce."

"Bai taɓa faɗa min ba."

"Bai faɗa wa kowa ba."

"Jiya da na kore shi, bai yi min musu ba. Ya naɗe sandunansa a tsumma, ya zo bakin ƙofa ya juyo ya ce, 'Ki gaishe min da Mama.' Na ɗauka baƙar magana ce." Ta buga ƙeyarta a jikin firij ɗin. "A kan teburin nan na zauna shekaranjiya ina cewa ba ni da zaɓi, su baƙi ne, mu 'yan ƙasa ne. Kina zuba min miya. Kika ce na yi daidai!"

"Kin yi daidai."

"Mama!"

"Kin yi daidai, kuma yau ma za ki sake yi." Tsohuwar ta taso ta durƙusa a gabanta da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara. "Saurare ni, 'yata. Ƙarfe huɗu za ki hau dandamalin nan ki karanta sunayen baƙin da kwamiti ya ce a kora. Da ƙarfi za ki karanta. In sun yi zagi, ki fi su. Kina jin daɗi nake ji in na zagi mutanena? Duk zagin da na yi, katanga nake gina miki. Da shi na raya ki."

"Mutum bakwai ne a takardar. Akwai mai ciki a cikinsu."

"Na bar ɗaya a jikin waya don in tsira da ɗaya. Kada ki ce min bakwai."

"Ba zan iya ba."

"Lethu fa?"

Nokwanda ta runtse ido. Lethu, 'yarta tilo, tana shekarar ƙarshe a jami'a.

"Takardarta a kan taki take tsaye, taki a kan tawa. In tawa ta faɗi, duka mun faɗi. Ina za su kai ta? Magude? Ko sannu ba ta iya da yaren ba."

Nokwanda ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta cire rigar jinin, ta sa wata baƙa. Da ta fito uwarta na nan durƙushe inda ta bar ta.

"Nokwanda."

Ta kama hannun ƙofa.

"Nyeleti."

Ta tsaya kamar an ja ta da igiya. Amma ba ta waiwaya ba, ta fita.

*

Layi biyu ne tsakanin gidan da zauren. Tun daga kwana take jin waƙa da buga ƙafa. Ta zagaya ta ƙofar baya don kada ta bi ta gaban bangon da ta zana.

Madoda na tsaye a can yana zuƙar taba, abin da ya bari shekara biyar da suka wuce.

"Sisi, ina kika shiga? Sau tara ina kiran ki."

"Asibiti."

"Yaya tsohon?"

"Ba zai ƙara riƙe sanda ba."

Madoda ya jefar da tabar ya murje ta da takalmi.

"Ba haka muka yi da su ba. Sun ce in ya fita babu mai taɓa shi."

"Ka yarda da su."

"Ke ma kin yarda." Ya ciro takarda daga aljihu ya miƙa mata. "Mutum sun fi ɗari uku a ciki. Ntsimbi shugaban samari da yaransa suna baya, kuma na ga jarkokin fetur a motarsu. Ki karanta, su yi ihu, su watse. In ƙura ta lafa mu dawo da mutanenmu ɗaya bayan ɗaya."

"Ƙurar da ta lafa a kan Baba Zandamela?"

"To me kike so? A ƙone wurin? Yara ɗari da sittin ne ke zuwa nan bayan makaranta maimakon su tsaya a kwana suna shaƙar ƙwaya. Ni na hau rufin nan na toshe shi da hannuna, Sisi. Ba ni da mata, ba ni da ɗa, wannan ne kawai."

"Ka karanta da kanka mana."

"Ni ba sa jin maganata. Ke ce 'yar Nkambule, ke ce mai kakanni a bango. In ke kika faɗa, ya zauna."

Ta dube shi har ya tsargu.

"Lafiya? Me ya sami idonki?"

"Bra Madoda, da a ce sunana na cikin takardar nan, za ka miƙa wa wani ya karanta?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Yau ba ranar wasa ba ce."

"Amsa min."

"Sunanki ba ya ciki." Ya buɗe mata ƙofa. "Mu je."

Zafi da warin gumi suka buge ta. An ture kujerun yara gefe, mutane a tsaye har kan tagogi. Ta san fuskokin. Ga iyayen ɗalibanta, ga matan cocinsu, ga mai gyaran takalmin da ta yi wa zanen allon shagonsa kyauta. Da suka gan ta suka ɗauki tafi da guɗa.

"'Yar gida! 'Yar gida!"

Ntsimbi, shugaban samarin, yana jingine da ƙofar gaba, da sanda a kafaɗa. Akwai ɗigon jini a farin takalminsa, ko gogewa bai yi ba.

Ta karɓi makirfo. Suna na farko Chipo ce, mai koyar da saƙa, cikinta wata bakwai. Na biyu Abdi, wanda ya ba su fenti kyauta shekarar da suka buɗe.

Ta tuna Lethu. Ta buɗe baki don ta karanta, Allah ya sani ta yi niyya. Sai ta ji muryar tsohon nan a kunnenta, yana roƙon a hana 'yarsa zuwa.

Ta ninke takardar ta sa a aljihu.

"Ba zan karanta ba."

Hayaniya ta tashi. Ta ɗaga murya.

"Kun ce in faɗa muku baƙin da ke cikin zauren nan. To ga ta farko a gabanku. Ba a ƙasar nan aka haife ni ba. A Mozambik aka haife ni, ta ƙarƙashin waya aka shigo da ni. Wanda zai kori baƙo daga Ukhamba, da ni zai fara."



Sai wani ya fashe da dariya daga tsakiya. Wani ya kama. Kafin ka ce me, rabin zauren na dariya.

"Kai, Sisi Nokwanda! Sabon wasa ne?"

"Yaushe za a fara sayar da tikiti?"

Madoda ya yi tsalle ya hau dandamalin ya fizge makirfon, gumi na zuba a goshinsa, yana dariyar dole.

"Kun san ta da wasan kwaikwayo! Tun safe take asibiti, ba ta ci komai ba, kanta ya ɗau zafi. Ni zan karanta, ku ba ni minti ɗaya." Ya kawar da makirfon daga bakinsa ya matse mata hannu. "Sauka. Don girman Allah ki sauka ki yi shiru. Ko gaskiya ne ko ƙarya, ki yi shiru."

"Ba wasa take yi ba."

Muryar mace ce, daga gaba-gaba. MaSithebe, mai zaune a ɗakin kwano a bayan gidan da ke jikin nasu. Ita ta yi wa Nokwanda kitson ranar aurenta. Kullum da yamma ita da Mama Khabonina suke zama a bakin ƙofa suna gyaran ganye.

"Ba wasa ba ne," ta sake faɗa, tana juyowa ga jama'a. "Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakanina da uwarta. In zazzaɓi ya kama ta, da wani yare take sambatu. Na sha ji. Na yi shiru don ina ganin ba ruwana."

"MaSithebe..." in ji Nokwanda.

"Kada ki kira sunana! Shekara ashirin da biyu ina layin gidan gwamnati. Mijina a ɗakin kwano ya mutu, ruwa na zuba a kansa. Uwarta kuwa an ba ta ɗaki huɗu da famfo, da sunan da ba nata ba. Gidan wa ta ci? Ba nawa ba?"

Dariyar ta mutu. Wani irin gurnani ya maye gurbinta, yana tasowa daga baya.

A lokacin ne Nokwanda ta gane abin da ta yi. Kanta ta zo miƙawa. Ba ta tuna cewa ba ita kaɗai ke rataye a jikin maganar ba.

Ntsimbi ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya dubi MaSithebe.

"Gogo, gidan lamba nawa ne?"

"Kowa ya san shi. Mai koren ƙofa."

"A'a!" Nokwanda ta yi kururuwa. "Ni ce na yi magana! Ga ni nan! Tsohuwa ce, ku zo gare ni!"

Ko kallonta bai yi ba. Ya yi fito, samari kusan ashirin suka bi shi waje da gudu.

Ta diro daga dandamalin. Hannuwa suka cafke ta ta ko'ina, wani ya ja rigarta har ta yage, wata mata ta tofa mata yawu a wuya. Madoda ya faɗa tsakiyarsu yana ture mutane da ƙirji yana ihu su sake ta. Ƙofa a toshe take da jikin mutane, ko taku uku ta kasa yi.

Ta zaro waya ta danna lambar uwarta. Ta yi ta ƙara har ta katse.

Ta sake kira. Ta katse.

A kira na uku aka ɗauka.

"Kin karanta?" in ji tsohuwar. Muryarta a dashe, alamar ta sha kuka.

"Mama, ki fita daga gidan! Ki bi ta baya, ki haura katanga, kada ki ɗauki komai!"

"Me kike cewa? Ba na jin ki, hayaniya ta yi yawa."

"Na ce ki fita! Yanzu!"

"Ɗan tsaya, 'yata," in ji Mama Khabonina. "Ana buga ƙofa."